Kafin a ce jini ne ko iska: yadda ake gano musabbabin jiri da tangaɗi ga yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mu yi magana da 'yan'uwanmu ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara, da masu kemis, da malaman makaranta, da iyaye, a kan yaron da ke kukan jiri ko yake tangaɗi in yana tafiya. A ƙauyukanmu na Jigawa da Kano, hukunci biyu ake yanke wa irin wannan yaro tun ba a duba shi ba. In an je kemis a ce jininsa ne ya yi ƙasa, a miƙo kwalbar maganin ƙarin jini. In an zauna a gida a ce shafar iska ce. Wani lokaci lallai jinin ne. Amma akwai yaron da kunnensa ke ruɓewa ta ciki, akwai wanda allurar da aka yi masa ce ta taɓa shi, akwai mai sikila da jijiyar ƙwaƙwalwarsa ta fara toshewa, kuma dukansu da kalma ɗaya suke zuwa, wato jiri. Yawancin aikin rarrabe su da tambaya ake yin sa, da ido da hannu, cikin minti 20 zuwa 30, ko a ɗakin da babu wutar lantarki.

Tsayuwar mutum kamar tukunya ce a kan murhu, duwatsu uku ke riƙe da ita. Na farko ido. Na biyu can cikin kunne, bayan dodon kunne, a cikin ƙashi: kowane ɓangare yana da 'yan bututu 3 masu lanƙwasa cike da ruwa, su ke jin juyawar kai, da 'yan jakunkuna 2 masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi, su ke jin karkata da hawa da sauka. Na uku jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi da wuya, masu gaya wa jiki inda ya taka. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya ita ke haɗa saƙonnin nan uku. Yaron da ya yi ta juyi a tsakar gida ya tsaya ya ga gari na juyawa, ruwan bututun ne bai gama tsayawa ba alhali ido ya ce an tsaya. Mai dubawa yana neman dutsen da ya goce ne, ko kuwa ƙwaƙwalwar ce, ko jini da sukari ne ba sa isa gare ta.

Akwai yaran da ba a tsayawa dogon bincike da su. Zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya ko kumburin maɗiga ga jariri, jijjiga, magagin da ba a iya tashin yaro daga shi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, maganar da ta harɗe, gani biyu-biyu, harara-garken da ba a haife shi da shi ba, kasa zama ba tare da an riƙe shi ba, jini ko ruwa garai-garai daga kunne bayan faɗuwa daga bishiya ko amalanke ko babur: waɗannan a auna sukari, a yi gwajin maleriya, a ba da taimakon farko, a nemi mota a take. Muna cikin yankin sanƙarau, daga hunturu har saukar ruwan farko, kuma manyanmu ba su manta da annobar 1996 a Kano ba. Mai sikila kuwa, ko tangaɗin ya wuce cikin awa guda ya koma wasa, a ɗauke shi a matsayin gargaɗin shanyewar ɓarin jiki. Haka yaron da ya yi makonni yana tashi da ciwon kai da amai da sassafe ba zazzaɓi, tafiyarsa na ƙara lalacewa, yana karkatar da kai. Ƙarin ƙwaƙwalwa ga yara ya fi fitowa a wajen ƙeya, kuma da wannan kama yake zuwa. Abin baƙin ciki ne a yi ta maimaita masa maganin maleriya da na taifot har wata uku.

In babu waɗannan, sai a zauna a yi tambaya, kuma Hausa ta sauƙaƙa mana aiki domin tana da kalmomi daban-daban. Hajijiya ce, ɗaki na juyawa? Wannan ya fi nuni ga kunne ko ƙwaƙwalwa. Ko duhu ne ke rufe ido in ya miƙe, kamar zai suma? Wannan na jini ne da ruwan jiki da sukari da zuciya. Ko kansa lafiya lau, ƙafafun ne ke layi? Yaro ɗan shekara 6 zuwa sama zai iya nunawa da yatsa yadda abin ke yi masa, amma kada a sa masa magana a baki, don in babba ya ce "juyawa yake ko?" yaro zai ce e saboda kunya. Ɗan ƙasa da shekara 4 ba shi da kalmar. Uwa ce za ta ce yana cikin wasa sai ya firgita, ya ruƙunƙume zaninta, ya ƙi taka ƙasa, ya yi fari, wani lokaci ya yi amai, idonsa na rawa. Don haka ko da mahaifi ko kawu ne ya kawo yaron, a nemi jin ta bakin uwa ko yayar da ke goyonsa.

Tsawon lokacin da abin ke ɗauka shi ne tambayar da ta fi kowace amfani. Ɗan shekara 2 zuwa 5 da abin ke kama shi na daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, bai fita hayyacinsa ba, ya tashi ya ci gaba da wasa, jinsa kalau, tafiyarsa kalau tsakanin tashi da tashi, galibi hajijiyar ƙuruciya ce mai wucewa, wadda takan daina kafin shekara 8. Dangin ciwon ɓarin kai ce, shi ya sa ake tambaya ko uwa ko uba na fama da ciwon kan da ke sa su shige ɗaki su guji haske. Ga manyan yara, ciwon ɓarin kai mai zuwa da hajijiya yana cikin sabubban da suka fi yawa. Ƙungiyar Bárány ta masana ma'aunin jiki, wato sashen cikin kunne da ke daidaita tsayuwa, ta fitar da ƙa'idar gane shi ga yara a 2021: tashi aƙalla 5, kowanne daga minti 5 zuwa awa 72, yaron yana da tarihin ciwon ɓarin kai, kuma a rabin tashin ko fiye akwai alamarsa, kamar ciwon kai mai bugawa ko ƙin haske da ƙara. Rashin barci, tsallake kalaci da daɗewa a rana ke tayar da shi. Hajijiya mai tsanani da ta zo lokaci guda, da amai, ta kwana tana yi har kwana 2 ko 3 bayan mura, wannan kumburin jijiyar cikin kunne ne. In ji ma ya ragu, kumburin ya shiga cikin kunnen kansa. Wadda ke zuwa na ƙasa da minti guda in an juya a shimfiɗa, ta tsakuwoyin da suka goce daga mazauninsu ce. Ta manya ce, ba a cika ganinta ga yara ba sai bayan buguwar kai.

A nan ake rikita abu da farfaɗiya. Mai hajijiya yana jin kira, yana kuka, yana tuna abin da ya faru. Mai farfaɗiya yakan ƙura ido, ba ya amsawa, yana iya tauna baki ko sakin fitsari, ya farfaɗo a gajiye bai san abin da aka yi ba. In akwai waya mai kyamara a gidan ko a maƙwabta, a ɗauki bidiyon fuskar yaron da idanunsa lokacin da abin ya tashi. Bidiyon daƙiƙa 30 ya fi bayanin rabin awa.

Sai tambayar magani, wadda muke roƙon kada a tsallake ta. A ce a kawo ledar magungunan gaba ɗaya, har da na gargajiya, a kuma tambayi allurai. Allurar jentamaisin tana ceton jarirai da yawa in an yi ta bisa nauyin yaro na 'yan kwanaki, amma in aka zarce ƙima, ko aka ja ta fiye da mako, ko yaron ya bushe da gudawa ƙodarsa ba ta tacewa, tana kashe ƙwayoyin ma'aunin da ke kunnuwa biyu, kuma sau da yawa ba sa dawowa. Irin wannan yaro ba ya jin juyawa, tunda ɓangarorin biyu ne suka mutu tare, kuma yana iya ji da kunnensa sarai. Abin da za a gani shi ne yana faɗuwa a duhu da kan yashi, yana cewa gari na rawa in yana gudu. Siteraftomaisin ma haka take. Kwinin yana sa ƙara a kunne da jiri, yana kuma saukar da sukari. Magungunan farfaɗiya irin su finobabiton da kabamazafin in sun yi yawa suna sa layi da barci. A tambayi abin da ke cikin ɗaki: in mutum biyu ko uku a gida suka tashi da ciwon kai da jiri a hunturu, suka ji sauƙi da fitowa waje, to kaskon gawayi ne ko hayaƙin janareta. In damina ce, ga dalalar miyau da gumi da ƙanƙancewar ƙwayar ido, a tambayi maganin feshin gona da fiya-fiya.

Daga nan a duba jiki. A buɗe tafin hannu da fatar ido a hasken rana. In akwai awon jini, himoglobin ƙasa da 11 ga ɗan shekara 2 zuwa 5, ƙasa da 11.5 ga ɗan 5 zuwa 11, ƙasa da 12 ga ɗan 12 zuwa 14, shi ne ƙarancin jini. In an same shi aiki bai ƙare ba, sai an san ta ina jinin ke tafiya: maleriya, tsutsar ciki, tamowa, sikila, al'ada mai yawa ga 'yan mata, ko tsargiya, wadda ta yi katutu a wuraren noman rani irin na Kadawa da Kura da fadamun Hadejia. A tambayi yaro a keɓe ko yana ganin jini a ƙarshen fitsari, domin da yawa ba sa faɗa. Sukari ƙasa da 2.5 a awon mmol/L, ko ƙasa da 3 ga mai tamowa, a ba shi sukari nan take. Ga mai ganin duhu in ya miƙe, a kwantar da shi minti 5, a auna bugun jini da hawan jini, a tsayar da shi a sake aunawa a minti 1 da minti 3. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, jini ba ya isa kai in ya tsaya. Ɗamarar awo ta manya a damtsen yaro tana ba da lambar ƙarya, ƙasa da gaskiya. Faɗinta ya kamata ya kai kashi 40 cikin 100 na zagayen damtsen. Wannan jirin shi ne na 'yar talla a zafin bazara, da almajirin da bai karya ba, da yaron da ke koyon azumi, da ɗalibar da ta daɗe a tsaye a layin asambuli. Amma wanda ya suma yana tsakiyar gudu ko ƙwallo, ko yake jin bugun ƙirji kafin ya faɗi, ko aka taɓa mutuwar fuju'a ta matashi a danginsu, zuciyarsa za a bincika.

Kunne shi ne inda aka fi sakaci. Ba a duba yaro mai jiri a sallame shi ba tare da an leƙa kunnuwansa biyu da fitilar duba kunne ba. Ga ƙaramin yaro a ja kunnen baya da ƙasa, ga babba baya da sama. Ruwan da ke taruwa bayan dodon kunne bayan mura ba ya ciwo, ba ya zuba, amma yana sa yaro yawan tuntuɓe da rashin amsa kira, har a riƙa dukansa a ce taurin kai ne. Kunnen da ya wuce kwana 14 yana zubar mugunya ya zama ciwo mai daɗewa, dodon ya huje. A naɗe auduga ko ƙyalle mai tsabta a tsane shi sau 3 a rana, a ɗiga maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, irin sifurofuloksasin. Kada a ɗiga mai jentamaisin ko niyomaisin a kunnen da ya huje ba da umarnin likita ba, kada a zuba man gyaɗa ko ruwan ganye, kada a sosa da gashin kaza ko tsinken ashana. In mugunyar na wari ƙwarai, ga hajijiya, sai a danna ɗan guringuntsin da ke bakin ramin kunne ya toshe ramin, ana kallon idon yaron. In ido ya yi rawa ko hajijiya ta taso, ciwon ya fara cin ƙashin bututun, aikin likitan kunne ne ba na ɗigo ba. Kumburi mai zafi a bayan kunne da ke turo kunnen gaba, wannan a ranar za a tura shi asibiti. Muna kuma roƙon iyaye da malamai su daina marin yara a kunne, mari guda na fasa dodo.

A gwada ji: a tsaya bayan yaro nisan tsawon hannu, a toshe kunne ɗaya ana murza shi, a raɗa kalmomi 6 da ya sani ya maimaita. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a kai shi awon ji cikin makonni 4 da samun sauƙi, domin cikin kunnen na iya cikewa da ƙashi a 'yan watanni, damar taimaka masa ta ragu. Hangum da ƙyanda ma suna kurmantarwa. Jaririn da bai riƙe wuya ba a wata 4, bai zauna ba a wata 9, bai yi tafiya ba a wata 18, a gwada jinsa, don kurumta da mutuwar ma'auni sukan zo tare.

Sai ido. A sa yaro ya bi yatsa ko murfin biro dama da hagu, sama da ƙasa, kada a kai shi can ƙurya domin ko mai lafiya idonsa na rawa a can. Rawar ido ta kunne gefe ɗaya take bugawa ko ina ya kalla, kuma tana raguwa in ya kafa ido a kan abu. Wadda ke bugawa sama ko ƙasa, ko take sauya gefe in ya sauya kallo, ta ƙwaƙwalwa ce, a tura shi. Sa'an nan a riƙe kansa da hannu biyu, a ce ya kalli hancin mai dubawa, a juya kan da sauri kaɗan kawai, digiri 10 zuwa 20, ba tare da ya san gefen da za a yi ba. In ido ya tafi da kai sa'an nan ya zaburo ya dawo kan hanci, kunnen gefen da aka juya ne mai rauni. Ga jariri, uwa ta zaunar da shi a cinya, wani ya riƙe abin wasa mai ɗaukar ido. Ba a yin wannan gwaji ga mai ciwon wuya ko wanda ya faɗi a kansa. A tambayi ko yana ganin allo a aji. Yaron da ke tuntuɓe da magariba kuma, ko dundumi ne na ƙarancin bitamin A, ko ma'aunin kunnensa ne ya mutu. Mai dundumi in an rufe masa ido da rana zai tsaya daram, ɗayan kuwa yana iya faɗuwa.

Gwajin tsayuwa ba ya buƙatar komai sai daɓe da katifa. A cire masa takalmi, babba ya tsaya kusa don tarewa. Ya haɗe ƙafafu, ido buɗe daƙiƙa 30, sai ido rufe daƙiƙa 30. A maimaita a kan katifar soso. Rufe ido ya cire dutse ɗaya, soso ya raunana na biyu, saura kunne kaɗai. In nan ya faɗi, kunnen ne. Wanda ke layi ko da ido buɗe, yana buɗe ƙafafu in zai yi tafiya, yatsansa na rawa yana kuskure hanci in an ce ya taɓa, ƙaramar ƙwaƙwalwa ce. Hakan na iya biyo bayan ƙarambau ko taifot ko maleriya ya warke da kansa cikin makonni, amma ba a ƙauye ake yanke wannan hukunci ba. A ja layi a ƙasa ya bi, diddige na taɓa yatsu. Ɗan shekara 6 ya kamata ya iya. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kuwa da shekaru ake auna ta: ɗan 3 daƙiƙa 1 ko 2, ɗan 5 wajen daƙiƙa 10. Kuskuren da ake yi shi ne a gwada ɗan shekara 3 da ma'aunin ɗan 7 a tsoratar da iyaye, ko a gwada yaro yana cikin zazzaɓi da yunwa.

Wanda aka tura, a rubuta masa takarda mai ma'ana: yaushe ya fara, tsawon kowane tashi, magunguna da allurai da kwanakinsu, abin da aka gani a kunne da ido, da lambobin awo. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala Muhammad, da Rasheed Shekoni a Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu su ne manyan wuraren da ake turawa daga yankinmu, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. A manyan asibitoci ake awon ji da na'ura, da awon motsin dodon kunne, da hoton ƙwaƙwalwa, kuma don ganin wajen ƙeya hoton MRI ya fi na CT. Mai sikila ɗan shekara 2 zuwa 16 yana buƙatar awon gudun jinin jijiyoyin kai sau ɗaya a shekara. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa haɗarin shanyewa ya yi yawa, kuma binciken da aka yi a nan Kano ya nuna amfanin maganin haidiroksiyuriya ga irin waɗannan yara.

Ga masu kemis: magungunan jiri irin su Stugeron da Stemetil da dangoginsu rufe alamar suke yi. In an wuce kwana 3 ana sha, suna hana ƙwaƙwalwa sabawa da kunnen da ya raunana, jirin ya daɗe. Stemetil da maganin amai metokulofuramaid kan murɗe wa yaro wuya, idonsa ya kafe sama, harshe ya fito, a ɗauka aljanu ne, alhali allura ɗaya ke warware shi a asibiti. Addu'a da ruƙiyya ba mu hana kowa ba, a yi su a kan hanyar asibiti. Yaron da aka tabbatar kunne ne, da zarar amai ya tsaya a bar shi ya tashi ya yi wasa, ya yi langa da 'yar gala-gala, domin da motsi ƙwaƙwalwa ke koyo, amma a hana shi hawa bishiya, da leƙa rijiya, da wanka a kududdufi ko madatsar ruwa, tunda a cikin ruwa mai mataccen ma'auni ba ya sanin sama da ƙasa.

Roƙonmu ga hukumomin lafiya a matakin farko na jihohin biyu da shugabannin ƙananan hukumomi shi ne kowane ƙaramin asibiti ya samu fitilar duba kunne mai ƙananan bakuna da batir, ɗamarar awon hawan jini ta yara, na'urar awon sukari da tsinkenta, da abin awon yawan jini, a kuma ware kwana ɗaya a koya wa ma'aikata gwaje-gwajen nan hannu da hannu. A rajistar masu jinya kuma, inda aka saba rubuta "jiri" kawai, a ƙara tsawon lokacin da yake ɗauka da abin da aka gani a kunne.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar yara da na kunne,
Yankin Hadejia, Jihar Jigawa.